Shinge Goma Ne, Amma Ɗaya Bayan Ɗaya Ake Tsallakewa

Jawabin da ɗaya daga cikinmu, mai sayar da hatsi kuma ɗaliba a ajin yaƙi da jahilci, ta gabatar ranar bikin cikar ƙungiyarmu shekara goma



Hajiya Shugaba, Ma'aji, Sakatariya, Malamarmu ta ajin yamma, iyayenmu mata da ke zaune a gaba, mazajenmu da suka daure suka zo, 'ya'yanmu da ke can baya suna jiran a raba lemo, da ku 'yan uwana mata, barkanmu da ganin wannan rana. Allah Ya maimaita mana.

Ranar da Shugaba ta aiko cewa ni zan yi magana a wannan taro, sai da na yi kwana biyu tuwo ba ya wuce mini. Ni da na saba da ihun kasuwa, in kira mai saye daga bakin layi ya jiyo ni, amma aka ce in tsaya gabanku, sai gwiwa ta yi sanyi. Wannan takarda da kuke gani a hannuna, ni na rubuta ta da kaina. Mako uku na yi ina fama da ita bayan sallar isha'i. Malama ta duba, ta gyara mini inda na manta lanƙwasa ƙa da ɗa, amma maganar tawa ce. Shekara huɗu baya, ko sunana aka rubuta a jikin buhu sai na nemi yaro ya karanta mini. Don haka in kun ji na yi tuntuɓe, ku yi haƙuri da ni.

Zan yi magana ne a kan wasanni. Na ga wasu sun fara dariya. Na sani, za ku ce me ya haɗa mai awon gero da gudu da ƙwallo, ni da ko mota zan kama sai an jira ni? Ku dai ba ni aron kunne, za ku ga inda na dosa, kuma inda na dosa ɗin ba wajen dariya ba ne.

Abin ya samo asali ne daga 'yata ta uku, wadda ke gudu a makarantarsu. Wani dare a shekarar 2022 ta shigo ɗaki da wayar yayanta tana tsalle, tana cewa, Umma zo ki gani, 'yar Najeriya ta fi kowa a duniya. Na ce a me? Ta ce a gudun tsallake shinge. Na karɓa na kalla. Kafin in gyara zama an gama. Na ce a sake sa mini. Sau biyar na kalla a daren nan, kuma tun daga ranar nake bibiyar labarin yarinyar, wani a rediyo, wani yara su karanta mini, daga baya kuma ni da kaina nake haɗa baƙi ina karantawa.

Sunanta Tobi Amusan, 'yar Ijebu Ode ce a jihar Ogun, an haife ta a 1997. Iyayenta malaman makaranta ne. Ita da kanta ta sha ba da labarin cewa mahaifinta bai so wannan gudu ba, karatu yake so ta riƙe, har ya taɓa ƙona mata kayan motsa jiki, mahaifiyarta ce ta tsaya mata. Daga baya gudun ne ya samar mata gurbin karatu a wata jami'a a jihar Texas ta Amurka, ta haɗa biyun.

Bari in kwatanta muku yadda wasan yake, don sai kun san shi za ku gane maganata. Tsawon filin mita 100 ne. An jera shinge goma a kan hanyar kowace mai gudu, tsayin kowanne kusan santimita 84, wato ya kusa ƙugun mace madaidaiciya. Daga inda ake tashi zuwa shingen farko mita 13, tsakanin shinge da shinge mita 8 da rabi. A wannan tsakanin taku uku kacal ƙwararru suke yi, sai tsallake. Taku uku, tsallake. Taku uku, tsallake. Kowace tana da layinta, faɗinsa bai fi mita ɗaya da 'yan kai ba. Dukan abin kuma a cikin sakan goma sha biyu da ɗoriya yake ƙarewa, kafin ki auna mudu biyu ki ɗaure bakin leda.

To ku duba. Mace ta yi shekara da shekaru tana tashi da asuba, tana hana kanta abin da ranta ke so, duk saboda sakan goma sha biyu. A cikinsu in ta waiga ta ga wa ke binta, takunta ya ɓaci. In takun ya ɓaci, ƙafa ta daki shinge. In ta daki shinge, shi ke nan, sai wata shekarar.

A 2019 an yi gasar duniya a birnin Doha na ƙasar Katar. Tobi ta kai zagayen ƙarshe, ta zo ta huɗu. Ku sani, mutum uku ake ba lambar yabo: zinare, azurfa, tagulla. Ta huɗu hannu rabbana take komawa gida. Ta uku ta gama a sakan 12.47, ita kuma 12.49. Ƙiftawar ido ma ta fi wannan tazarar tsawo. A 2021 aka yi gasar Olamfik a Tokyo, ƙasar Japan. Ta sake kai zagayen ƙarshe. Ta sake zuwa ta huɗu.

'Yan uwa, wadda ta zo ta ƙarshe ta san ba ta kai ba, ta kama gabanta. Amma ta huɗu, ita ce wadda ta ji ƙamshin miya aka ɗauke kwanon. Sau biyu. Da ni ce, wallahi da na ce an yi mini asiri, in tattara takalmana in koma gida. A nan ne zuciya take yi wa mutum huɗuba iri biyu. Ɗaya ta ce, ke dai ba ki da rabo, haka aka halicce ki, 'yar rakiya ce. Ɗayar ta ce, abin da ya rage ɗan kaɗan ne, nemo inda yake ki gyara. Ƙafafun da suka zo na huɗu su ne dai ƙafafun, ba a canza mata wasu ba. Abin da za ta zaɓa tsakanin huɗubar nan biyu shi ne zai nuna ko za a sake ganinta a fili.

Ta koma ta ci gaba da atisaye. Ranar 24 ga Yulin 2022, a garin Eugene na jihar Oregon a Amurka, a zagayen kusa da na ƙarshe na gasar duniya, ta gama a sakan 12.12. Ba a taɓa samun macen da ta yi haka ba. Wadda ke riƙe da tarihin kafin nan, Kendra Harrison 'yar Amurka mai 12.20 tun 2016, tana cikin waɗanda suka yi gudun tare da ita a wannan zagayen.

Amma ni abin da ya fi burge ni shi ne abin da ya biyo baya. Ta kafa tarihin duniya, filin ya ɗauki sowa, 'yan jarida sun yi caa, ga kyautar dala dubu ɗari ta tabbata. Amma ba ta ci komai ba tukuna, domin zagayen ƙarshe yana nan a wannan yammacin, bai fi awa biyu ba. Da ta bari murna ta ɗauke ta, da sai ta koma gida da tarihi ba zinare. Ta tattaro hankalinta, ta koma bakin layi kamar ba a yi komai ba, ta gama a 12.06. Ba a lissafa wannan a matsayin sabon tarihi ba saboda iskar da ke bayansu ta wuce ƙa'ida, amma zinaren ya zama nata. Ita ce mutum ta farko daga Najeriya da ta ci zinare a wannan gasar ta duniya ta guje-guje da tsalle-tsalle. Da aka sa taken ƙasa tana tsaye a kan dakali, kuka ta yi ta yi. Ni ma a ɗakina sai da na share ido da bakin zane.

Darasi na farko ke nan da na ɗauka: baƙin cikin jiya da murnar ɗazu, duka biyun suna iya sa ki daki shingen da ke gabanki. Mu 'yan kasuwa mun san wannan. Ranar da kika yi babban ciniki da safe, ranar ce kike ba da canjin dubu a maimakon ɗari biyar da yamma, don kanki yana can yana lissafin ribar safe.

Na biyu, maganar layi. An ce ba a haɗa gudu da susar katara. Akwai lokacin da wata ta kama rumfa kusa da tawa, ita ma hatsi. Wata uku na yi idona yana kan rumfarta. Wa ya tsaya, mudu nawa ya saya, nawa ta sallama. Ina auna wa mutum wake ina leƙenta. Ran nan wata tsohuwar mai saye tawa ta ce, 'yar nan, mudu shida na ce, bakwai kika zuba, jiya kuma huɗu na ce kika ba yarona uku, lafiya kuwa? Kunya ta kama ni. Maƙwabciyata ba ta ɗauke mini ko mutum ɗaya ba, ni ce na kore su da hannuna, don na bar layina ina gudu a nata. Ana kallon ruwa kwaɗo ya yi mini ƙafa.

Na uku ya fi wuyar ganewa, amma ku saurara. Natsuwa daban, takura kai daban. Akwai wata Ba'amurkiya mai suna Lolo Jones. A gasar Olamfik ta 2008 a birnin Beijing na ƙasar Sin, a irin wannan gudun, ita ce a gaba, kowa ya ba ta zinare. Saura shinge biyu, ta daki na tara, ta tashi daga ta ɗaya ta koma ta bakwai. Daga baya ta bayyana cewa a tsakiyar gudun ta fara sa wa ƙafarta ido, tana gaya wa kanta kada ta yi sakaci, sai jikinta ya ɗaure. Abin da ƙafar ta yi sau dubbai ba tare da an gaya mata ba, ranar da aka tsaya a kanta sai ta rikice.

Wannan ya faru da ni, Malama shaida ce. Jarrabawarmu ta farko a aji, na san baƙaƙen nan sarai, a gida har jikata nake koya wa. Da aka ajiye takarda a gabana, sai na fara tunani: idan na faɗi fa? Me kishiyata za ta ce? Me yara za su ce? Na riƙe fensir kamar taɓarya, hannu yana rawa, sunana ma sai da na goge sau uku har takardar ta huje. Na faɗi. Na yi wata biyu ban leƙa ajin ba. Malama ce ta biyo ni har rumfa, ta tsaya tana kallona ina lissafin kuɗin buhu bakwai da rabi da ka, ta ce, Hajiya, wanda ya iya wannan bai kamata baƙi ashirin da 'yan kai su kore shi ba. Ta ce ranar jarrabawa kada in kalli takardar gaba ɗaya, in rufe sauran da hannu, in amsa tambayar da ke gabana kawai. Haka na yi a karo na biyu. Shinge ɗaya, sannan na gaba. Ga ni yau ina karanta muku.

Na huɗu, gaggawa. A dokar gudu ta yanzu, wanda ya tashi kafin a harba bindiga, sau ɗaya tak, an fitar da shi. Kun san Usain Bolt na Jamaika, ko ba ku san shi ba 'ya'yanku sun san shi. Shi ne ya yi mita 100 a sakan 9.58 a 2009, har yau ba wanda ya kamo shi. To a 2011, a gasar duniya a birnin Daegu na Koriya ta Kudu, a zagayen ƙarshe, ya zabura kafin bindiga. Aka kore shi. Mutumin da ya fi kowa gudu a duniya, bai yi gudun ba ma, ɗan ƙasarsu Yohan Blake ya ɗauki zinaren. Ba ƙarfi ya rasa ba, haƙurin ƙiftawar ido ya rasa. Amma ku ji ƙarshen: 'yan kwanaki bayan haka ya dawo ya ci mita 200 a wannan gasar. Bai tafi da fushin ya ɓata sauran ba.

To, yanzu na iso inda na dosa.

Kowa a nan ta san abin da ya same mu. Ba sai na ɓoye ba don yau ranar biki ce, ranar wanka ba a ɓoye cibi. Mun ji labarin wasu sun sayi hatsi da kaka sun ajiye, farashi ya tashi, sun ninka kuɗinsu. Muka ce mu ma. Muna da doka da muka rubuta da kanmu tun farkon ƙungiya, cewa ba za a zuba fiye da kashi ɗaya cikin uku na asusu a kaya iri ɗaya ba. Muka take dokar. Muka kwashi fiye da rabi muka sayi masara da tsada muka jibge. Farashi bai tashi ba, sai ma karyewa da ya yi. Muka sayar da asara, ga kuɗin sito, ga na magani, ga na dako. Rabon da aka saba yi kafin azumi bai samu ba, kuma na san gidajen da suka dogara da shi.

Ina so in faɗi wani abu a gaban kowa. Ranar da aka yi wannan shawarar, Ma'aji ta ce a dakata, a bi doka. Ni ce na miƙe na ce ni na san hatsi, shekara ashirin ina cikinsa, a saya kawai. Muryata ta fi tata ƙarfi, aka bi ni. Ma'aji, ki yafe mini. 'Yan uwa, ku yafe mini. Na kalli layin wasu, na zabura kafin bindiga, kuma ba ni kaɗai na faɗi ba, da ku na faɗi.

Yanzu na ji akwai mata goma sha huɗu da suka ce a ba su kuɗinsu su fita. Haƙƙinsu ne, ba mai hana su, kuma ba na zargin kowa, domin wadda ta tara kuɗinta da ƙosai da ƙuli-ƙuli ta san zafinsa. Amma kafin ku sa hannu, ku bari in ba ku labari ɗaya na ƙarshe.

Ranar 26 ga Yulin 2025 aka buga wasan ƙarshe na kofin Afirka na mata a birnin Rabat. 'Yan matanmu na Super Falcons da Maroko, masu masaukin baƙi. Filin nasu ne, 'yan kallo nasu ne. Kafin a yi rabin awa an zura mana biyu. Aka tafi hutun rabin lokaci biyu da nema. A gidanmu maigida ya ce a kashe talabijin a bar ɓata mai a janareta. 'Yata ta roƙa aka bari.

Ku yi tunanin ɗakin da 'yan matan nan suka shiga a wannan hutun. Abu mafi sauƙi shi ne a fara nuna yatsa: ke ce kika bar ta ta wuce, ke ce ba ki tare ba. Ƙwallaye biyun nan kuwa sun riga sun shiga, ko an kwana ana faɗa ba za a fito da su daga raga ba. Abin da ya rage a hannunsu minti arba'in da biyar ne. Kuma ba wadda za ta iya cin uku a bugu ɗaya, sai dai a nemi ɗaya tukuna. Suka dawo. Bayan an wuce awa ɗaya da fara wasa Esther Okoronkwo ta ci bugun fenareti. 'Yan mintoci kaɗan Folashade Ijamilusi ta farke na biyu. Saura minti biyu lokaci ya cika, Jennifer Echegini ta ci na uku. Uku da biyu, suka ɗauko kofin Afirka karo na goma. Maigidan da ya ce a kashe, shi ya fi kowa ihu, har maƙwabta suka leƙo.

Da a ce mutum uku daga cikinsu sun cire riga a hutun nan sun ce sun gaji, da ba a yi wannan labarin ba. Mu ma hutun rabin lokaci muke. An zura mana, gaskiya ne. Amma injin niƙanmu yana aiki. Bashin da muka ba mambobi, mafi yawansa yana dawowa a kan lokaci. Littafinmu a rubuce yake, ba a ci kuɗin kowa ba, asara ce aka yi a fili kowa na gani. Mata nawa ne a nan suka fara sana'a da jarin wannan asusu? Ku ɗaga hannu. To ku duba hannuwan nan. Wannan aikin shekara goma ne, kakar masara ɗaya ba ta isa ta shafe shi ba, sai in mu muka yarda.

Kada kuma a fahimce ni a karkace. Ba cewa nake yi zuciya kaɗai tana isa ba. Masu cewa in dai ka sa a ranka za ka samu, ba su taɓa zuwa sari da kuɗin da bai kai ba. Tobi ba da buri kawai ta yi gudun nan ba: tana da mai horarwa, da fili mai kyau, da abinci, da likita, da shekaru na maimaita taku uku ɗin nan har jiki ya haddace. Yarinya nawa ce a unguwanninmu Allah Ya ba ƙafa, amma makarantarsu ko filin wasa babu? Ba a fafe gora ranar tafiya. Natsuwa ba ta ba ki abin da ba ki tanada ba, abin da take yi shi ne ta hana ki zubar da wanda kika tanada. Ko a dambenmu na gargajiya haka ne. Makaɗi zai zuga ɗan dambe har tsigar jikinsa ta tashi, amma in ya shiga fili idonsa na kan 'yan kallo ba kan hannun abokin karawa ba, kirarin ba zai hana shi shan ƙasa ba.

Kuma ko an natsu ana faɗuwa. Ita Tobin, a gasar Olamfik ta 2024 a Faris, ita ta riƙe tutar Najeriya ranar buɗewa, duk ƙasa ta sa mata ido, amma ko zagayen ƙarshe ba ta kai ba. Mai riƙe da tarihin duniya fa. Mutanen da suka yi mata tafi jiya, wasunsu suka juya suna maganganu. A 2025 ta koma Tokyo, garin da ta taɓa zuwa ta huɗu, ta ɗauko azurfa a gasar duniya. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

Don haka ga roƙona, guda huɗu ne, na rubuta su don kada in manta.

Na ɗaya, ga 'yan uwanmu goma sha huɗu. Ku ba mu shekara ɗaya. Ku zo taron wata, ku buɗe littafi, ku yi tambaya, ku tsananta. In shekara ta zagayo ba ku ga canji ba, ku karɓi kuɗinku da mutunci, ni zan fara raka ku wurin Ma'aji.

Na biyu, ga shugabanni da mu duka. Dokar kashi ɗaya cikin uku ta dawo, kuma a riƙa karanta ta da ƙarfi a farkon kowane taro. Duk wata babbar shawara kada a yanke ta ranar da aka kawo ta, a kwana bakwai a kanta. Ko ni ce na miƙe ina kumfar baki, ku ce Hajiya zauna, ba a harba bindiga ba tukuna. Kuma ranar taro a kife wayoyi, a bar hirar biki da ta anko sai an rufe littafi. Awa ɗaya ce a wata, mu ba ta hankalinmu gaba ɗaya.

Na uku, ajin yamma. Mun fara mu talatin da biyu, yanzu in an samu goma sha ɗaya an gode. Da yawanmu mun iya karanta littafin asusu da kanmu, da ranar nan ba muryar da ta fi ƙarfi za a bi ba, lissafi za a bi. Wadda ta faɗi jarrabawa ta gudu, ni ma na faɗa na gudu, ga ni na dawo. Kada ki ce sai kin iya karanta jarida. Baƙi ɗaya a mako ya isa. Litinin da Laraba ne bayan la'asar, Malama ba ta taɓa fashi ba.

Na huɗu, ga iyaye maza da mata. In 'yarku ko ɗanku yana da sha'awar gudu ko ƙwallo a makaranta, kada a kashe masa gwiwa. A tsare tarbiyya, a tsare sutura, a tsare karatu, a san inda suke da wanda ke koya musu, amma a bar su. Tawa ba lallai ta zama Tobi ba, ban ma sa ran haka ba. Amma na ga abin da gudun ya koya mata. Ta iya tashi da asuba ba a tashe ta ba. Ta iya shan kaye ta yi kukanta ta koma washegari. In ta zauna karatu, ko ƙannenta suna kokawa a kanta ba ta ɗagowa. Wannan ko a ɗakin miji, ko a ofis, ko a rumfa, zai yi mata amfani.

Iyayenmu da suka kafa wannan ƙungiya su tara ne, a zauren gidan marigayiya shugabarmu ta farko, da zubin da bai kai kuɗin mudun gero na yau ba. Uku daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu Ya sa sun huta. Ba su tsaya tunanin shekara goma ba, zubin mako mai zuwa kawai suka sa a gaba, da ya wuce suka sa na gaba. Haka aka kawo yau. Zubi na gaba ranar Asabar ne, ƙarfe huɗu, a inda aka saba. Ni dai in Allah Ya kai mu zan zo da nawa, kuma zan zauna kusa da Ma'aji in yi shiru.

Abin da na faɗa daidai, Allah Ya amfane mu da shi. Inda na yi kuskure ku yafe mini, ɗaliba ce. Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya shirya mana zuri'a, Ya bar mu tare.